Motar Kawu Ba Ta Zuwa Ƙauye

A danginmu ba a aron mota da fatar baki. Mutum yakan tsaya wajen masu sayar da mai a bakin hanya, ya cika jarka, ya ɗauro ta a bayan babur, ya dire ta a ƙofar mai motar, sannan ya yi sallama. Da zarar jarka ta sauka, magana ta ƙare. Uzuri ɗaya ne ake karɓa daga mai mota, wato babu mai, ga shi kuwa an kawo. Wanda ya bari aka koma da jarka cike, za a daɗe ana ba da labarinsa a wurin suna da wurin zaman makoki.

Mota ɗaya ce a duk zuriyarmu, ta Kawu, ƙanin mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya. Yana sayar da siminti da rodi a Birnin Konni. Motar tsohuwa ce, doguwa, mai tsayi daga ƙasa, irin wadda ke ratsa yashi ba ta damu ba. Gaskiya ita ce dangi sun ci amanarta. An ɗauki raguna a cikinta. An loda mata buhunan wake har ƙafar baya ta karkace. Wani ɗan'uwa ya taɓa kawo mai gauraye da kananzir, injin ya yi wata guda wajen makaniki. Masu aro mai kawai suke kawowa. Taya, da baƙin mai, da gyara, duk a wuyan Kawu suke. Na san wannan, domin ina cikin masu kawo jarka.

Inna, mahaifiyata, tana zaune a ƙauyenmu bayan Alela. Tana da ciwon suga, kuma wani gyambo ya kama ta a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar hagu. Lokaci zuwa lokaci sai an kawo ta asibiti nan Konni an wanke shi, an yanke naman da ya mutu, an naɗe. Ba ta iya hawa babur, domin idan ƙafar ta yi lilo takan kumbura. Ni kuwa babur kawai nake da shi. Saboda haka nakan kai jarkata gidan Kawu, ya jefo mini makulli ba tare da ya dube ni ba, in je in ɗauko ta. Tsawon lokacin da ake haka gyambon bai warke ba, amma bai ci gaba ba.

A shekarar da mai ya yi tsada a ƙetaren iyaka, inda ake shigo mana da shi, har masu kwalabe a bakin hanya suka ragu, Kawu ya sayar da tsohuwar motar ya kawo wata. Fara ce, gajera, cikinta ya kusa taɓa ƙasa, ba ta da bututun hayaƙi, da wutar lantarki take aiki. Ya sa aka jera masa farantan sola a kan rufin gida, aka zaro wata igiya mai kauri zuwa rumfar da yake ajiye ta. Idan ta taso ba a jin komai sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya.

Wata la'asar na tarar da shi a fadarsu, inda suke shan shayi a ƙofar shago. Akwai taubashinsa, wani dattijo mai sayar da albasa wanda ba ya raga masa.

"Alhaji," in ji taubashin, "wagga aba da ka saye, mota ta ko rediyo? An ce sai an jona ta kamar salula."

"Kai da jakinka ya fi ka wayo, mi ka sani ga mota?"

"Na san kuɗinta ya sai biyu irin waccan."

Kawu ya ajiye kofin shayi ya shiga yi masa bayani, a natse, kamar yadda yake yi wa mai sayen siminti. Ya ce gaskiya ne kuɗin saye ya fi yawa, kuma farantan sola ba kyauta aka ba shi ba. Batir ɗinta ma wata rana zai mutu, ranar kuwa za a ji jiki. Amma ba ya sayen mai. Ba ya juyen baƙin mai. Babu fulogi, babu kafireta, babu lagireto da zai tafasa a tsakiyar hanya. Makanikinsa har ya zo gida yana tambaya ko an yi masa laifi ne. Rana kuma ba ta ƙara farashi don an rufe iyaka. Idan aka haɗa shekaru, in ji shi, farar ce ke da sauƙi.

"Duk wannan ƙarami na," ya ƙara da cewa. "Abin da ke cin mai mota ba mai ba ne. Dangi na. To ka gaya mini, wa za shi kawo mini wuta cikin jarka?"

Fada ta fashe da dariya. Taubashin ya tafa hannu ya ce, "Allah shi shirye ka, ɗan banza! Ashe katanga ka saye, ba mota ba." Ni ma na yi murmushi, domin a lokacin zance ne na shayi.

Lissafin nasa ya yi daidai. Dangi suka zo da jarkuna kamar yadda suka saba, suka tsaya suna zagaya motar suna neman inda ake zuba mai. Kawu yakan fito da fara'a ya nuna musu ramin igiya. Ba ya cewa a'a. Cewa yake caji ba zai kai ba. Babu wanda ya san yadda ake musa wannan magana, domin babu wanda ya taɓa tuƙa irin motar. Kuma ba a ba da labarinsa a wurin suna ba. Tausaya masa ma aka riƙa yi, an ce an cuce shi da motar da ba ta fita gari.

Zuwan Inna asibiti ya koma sai ranar kasuwa, a motar haya, a matse tsakanin buhuna. Wani lokaci ta samu wuri, wani lokaci ta fasa. Da damina ta kama, aka kira ni daga ƙauye aka ce ƙafar ta kumbura har ƙauri, yatsan ya yi baƙi, tana zazzaɓi. Ranar kasuwa ta wuce jiya.

Na tafi gidan Kawu da hantsi, hannu ba komai, domin ban san abin da ake kawowa ba. Na same shi a rumfa yana goge gilashin motar da tsumma. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa.

"Subhanallahi," ya ce. "Yayata? Tun yaushe?"

Na ce tun shekaranjiya, kuma ina roƙon a je a ɗauko ta yau.

Ya buɗe ƙofar motar ya danna wani abu, allon gaba ya kama. Akwai wani koren layi da ke nuna caji. Ina tsaye a bayansa, na ga layin ya kai ƙarshe.

"Ka gani, ɗana. Zuwa za ta je. Dawowa fa? In ta mutu muna cikin daji da marar lafiya, wa za mu kira?"

Na ce, "Kawu, makon jiya kun je Badaguishiri gaisuwar rasuwa kun dawo. Can ya fi ƙauyenmu nisa."

Ya dube ni a karon farko. Bai yi fushi ba.

"Can kwalta ta. Yashi cin wuta shikai kamar mi. Kuma dubi cikinta, ko tudun tururuwa ba ta haye. Kai ka fi wanda ya ƙera ta sani?"

Na ce ban fi shi ba.

"To ka gani. Da tsohuwar na nan, ai da ba mu tsaya magana ba. A jira ranar kasuwa, kuɗin motarta na wuyana. Allah shi ba ta lafiya." Ya koma kan gilashinsa.

Na je tasha. Mai motar da ya yarda a yi shatarta ya faɗi kuɗin da ba ni da shi. Na bi abokai biyu masu mota, ɗaya ya yi tafiya, ɗaya ya ce, da mamaki na gaskiya, "Ba kawunka ke da sabuwar mota ba?" Kwanaki suka tafi a haka. A ƙarshe na hau babur na je ƙauye, muka shimfiɗa mata katifa a amalanken shanu, muka kama hanya zuwa kwalta. Hanyar a bushe take, babu yashi mai zurfi, kuma ba a yi ruwa ba a makon. Na lura da wannan domin ina tafe a bayan amalanken ina tura babur, ba ni da abin kallo sai ƙasa. A bakin kwalta motoci biyu suka tsaya, fasinjoji suka ji warin ƙafar, suka ce direba ya ja. Wata babbar mota mai ɗaukar albasa ce ta kai mu asibiti.

Likitan ya kwance tsumman, ya duba, ya ce mun makara. An yanke ƙafar a ƙasan gwiwa. Ban sani ba ko da an ɗauko ta a ranar farko za a ceci ƙafar. Likitan bai ce ba, ni ma ba zan ce ba.

Ranar da aka sallame ta Kawu ya zo da kansa. Ya shigo da farar motar har bakin ɗakin marasa lafiya, mutane suka taso suna kallo. Ya kawo lemo da ayaba da sabon zane. Shi ya tallabe ta ya zaunar da ita a kujerar baya, ya gyara mata matashi a ƙarƙashin dungun. Daga asibiti zuwa gidana duk kwalta ce. Ya tuƙa a hankali, yana kauce wa ramuka.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Tafiya mukai? Ban ji komi ba."

"Tafiya mukai, Yaya."

"Ga sanyi. Allah shi yi maka albarka, auta. Da ta iya yashi, ai da na ji daɗina."

"Wallahi kuwa, Yaya."

Ba ta koma ƙauye ba. An raba awakinta, gonarta ta koma hannun wani ɗan'uwa. Tana zaune a tsakar gidana a kan tabarma, tana tsince wake idan an ba ta. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ba shi labarin motar da ba ta ƙara, da yadda ƙaninta ya bar shagonsa ya zo ya ɗauke ta.

Bayan wasu makonni ta lura ban taka gidan Kawu ba. Ta kira ni ta ce wannan ba tarbiyyarta ba ce. Mutum ya yi ɗawainiya, ya biya rabin kuɗin magani, ko na gode ba a je an ce masa ba. Na ce zan je. Ta ce yau.

Na same shi a rumfa bayan la'asar, ya dawo daga shago ke nan, yana zaune a kujera ya cire takalmi. Na durƙusa na isar da godiyar Inna, kalma bayan kalma kamar yadda ta faɗa. Ya ce ba komai, ai Yaya uwa ce. Ya tambayi jikinta, ya tambayi yara. Da na miƙe zan tafi ya nuna igiyar da ke naɗe a jikin bango.

"Ɗana, tunda kana tsaye, jona mini ita."

Na kwance igiyar, na buɗe murfin, na jona. Wata 'yar fitila ta kama. Na yi masa sai da safe.