Liyarin Ya Falmata

Ba a gidan ɓarayi aka haife ni ba, wannan ku fara sani. A Gure na tashi, a hannun kawuna, ƙanen mahaifiyata, maƙerin azurfa mai rumfa a bakin kasuwa. Lakwal ban wuce aji shida ba, na dawo wajensa ina jan zuga-zugi, ina goge zobba da mundaye. Shi ya koya mini dabo. In mace ta zo da goyo mai kuka, sai Kawu ya ɗauki dala ashirin, kuɗin ƙarfe ƙwaya ɗaya, ya nuna, ya dunƙule hannu, ya buɗe, wayam! Sai ya zaro ta daga bayan kunnen jaririn. Ba tsafi ba ne, ba aljani ba ne. Kuɗin yana maƙale a tsokar tafin ɗaya hannun, ido kuwa hannun da ya motsa yake bi. Ya ce mini, "Wannan na dariya ne kawai, ka ji ko?" Na ce na ji.

Wata uku ina yawo da dala ashirin maƙale a tafin hagu, har na manta tana nan. Na wuce Kawu nesa, kuma har gobe ban ga wanda ya kamo ni ba a garin nan. Da mai shayi na fara. In nuna masa kuɗi, in kai hannu gwangwaninsa, in ƙwanƙwasa da zobe ya ji ƙara, in tashi da abina. Shayi kofi ɗaya, mene ne a ciki? Haka na riƙa ce wa kaina.

Daga nan na kai ga liyari, tsohon kuɗin azurfan nan mai hoton mace, wanda matan karkara ke ratayawa a wuya, uwa ta bar wa 'ya. Suna kawo shi a wanke ko a gyara masa kunnen da ake zura igiya. Mai liyari ba ta barin sa ya kwana a maƙera. Tsaye take a kanka har a gama, sannan ta buga shi a kan uwar maƙera ta ji kukansa, don azurfar gaske tana da amo. Na sayo na jabu a Damagaram, na sa musu kunne, na shafe su da toka su yi kamar tsofaffi. Sai mace ta buga nata ta gamsu, ni kuma in ce, "Kawo in naɗe miki, Iya." A wajen naɗewa a tsumma nake musanyawa, idonta biyu a kaina.

Wata ranar kasuwa wata dattijuwa daga Gamu, Ya Falmata, ta kawo nata. Na yi mata yadda na saba. Bayan mako guda na je Bune, na dawo na tarar da rumfa a rufe. Ashe ta dawo da jandarmomi. Ta rantse maƙerin ne kaɗai ya juya mata baya da liyarin a bakin wuta, ni kuwa a gabanta na naɗe. Suka tafi da Kawu.

Kwana biyu na yi gum da bakina, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na so in ci gaba da shirun. A na uku mahaifiyata ta ba ni abinci in kai masa. Na hango shi zaune a ƙasa, ba hula, mutumin da ban taɓa ganin kansa a buɗe ba. Ya ce, "Ka shayar da akuya?" Abin da ya tambaye ni ke nan.

Na wuce biro, ofishin jandarmomin, na ce ni ne. Kwamandan ya yi dariya, ya ce, "Kai dai kana son ka fid da kawunka." Ya Falmata ma ta ce, "A'a, ɗan nan ban ɗauke ido daga hannunsa ba." Raina ya ɓaci, wallahi, har a wurin ma, girman kai bai sake ni ba. Na ce a ba ni na jabun da tsumma. Na naɗe a gabansu su huɗu, na miƙa mata na ce, "Kwance." Ta kwance, sai ga nata na gaske, wanda ban kai ga sayarwa ba.

Ba ta ko buga shi ba. Ta bi gefensa da babban yatsa ta tsaya a wani ɗan lotso. Ta ce, "Nan ɗana Madu ya ciza lokacin da yake haƙori. Allah ya ji ƙansa." Ashe da wannan ta gane. Ni nauyi da amo na sani, ban san mata suna ba 'ya'yansu liyari su ciza ba. A nan ne kunya ta kama ni, ba a gaban alƙali ba.

Shekara biyu na yi a gidan kaso. Ban yi jayayya ba, na ci abin da na shuka da hannuna. Da na fito na bi matan da na iya tunawa na roƙi gafara. Wasu sun yafe, wata ta tofa mini yawu a ƙafa, kuma tana da gaskiya.

Yanzu ana cewa in bar garin, ko in ɓoye hannuna a aljihu. Ba inda za ni! Duk ranar kasuwa ina naɗe hannun riga, in yi dabon sau biyu: sau ɗaya da sauri, sau ɗaya a hankali, in nuna inda kuɗin ke maƙalewa. Masu cewa ba ni da kunya su yi ta faɗa. Wanda ya ga tafina a buɗe, ba mai sake yi masa wannan.

Ku samari masu koyon abin nan a salula, ku koya, ban hana ku ba. Amma ku yi da kuɗinku, a gaban wanda ya san wasa ne. Ranar da kuka taɓa na wani, ba ku kaɗai za ku biya ba. An wanke Kawu, amma mata ba su sake kawo masa liyari ba. Yana can lambu a kwari yana ban ruwan albasa. Na je na durƙusa, ya ce ya yafe, ya miƙo mini guga. Wutar maƙerarsa har yau bai sake hura ta ba.