Amsar da Injiniya Ya Bari a Kunne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha ɗaya ga Satumba, Allah ya karɓi ran Injiniya, mai kula da imel ɗin ofishinmu, bayan gajeriyar jinya. Yawancinmu ba mu samu jana'izarka ba, Injiniya, kuma aikinka ne ya jawo.

Kai ka kafa mana abin da ke tace saƙonni, kana kiransa matata. Duk wanda ya leƙo ɗakin nan naka mai sanyi, inda na'urori ke gurnani, yana ƙorafin saƙonsa bai iso ba, sai ka ce, "Matata ce ta hana," ka bar shi yana mamakin wace irin mace ka aura. Da 'yan damfara suka ishe mu da labarin attajiran da suka mutu suka bar mana gado, ka koya mata ta watsa duk saƙon da ke ɗauke da kalmar "marigayi" a shara. Ba ta taɓa saɓa maka ba. Sanarwar rasuwarka ma can ta watsa ta. Ana binne ka, mu muna aiko maka da ƙorafi, kana amsawa nan take: "Ba na ofis yanzu. Zan duba da zarar na dawo."

Kana da ikon karanta sirrin kowa, ba ka taɓa kallon kowa da idon wanda ya sani ba. Tsohon akawunmu kullum sai ya manta kalmar sirrinsa. Kullum ka ce masa laifin na'ura ne.

Manaja ya ba ni umarnin rufe akwatin imel ɗinka kafin ƙarshen wata. Sai ga maiɗakinka ta zo karɓar kayanka, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Anti, don Allah kada ki kashe shi."

Na yi mata bayani irin namu na 'yan boko, cewa amsa ɗaya ce take zuwa wa kowa. Ba ta musa ba, wayarta ta miƙo mini. Ashe ita daban ka saita mata tun kafin ka kwanta: "Maman yara, ki ci abincinki, kada ki jira ni. Ina hanya."

"Kullum da safe nake gaishe shi," in ji ta. "Bai taɓa amsa mini da sauri haka ba."

Na gaya wa manaja aikin ya fi ƙarfina, sai an samu wani injiniyan. Ban ga yana gaggawar nema ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa aljanna ce makomarka. Maiɗakinka da yara da iyayenka, Allah ya ba su haƙuri. Ya kuma ba ta ƙarfin zuciyar zuwa da kanta wata rana ta ce mini in kashe.