Neman Sifika Mai Om Takwas, Daga Keffi Zuwa Wuse

Keffi, ƙarfe shida saura minti ashirin

Ana sallame sallar asuba ranar Asabar na fito daga gidanmu a Angwan Iya, rungume da sifikar da na kashe, na naɗe ta cikin wani tsohon zanin Innarmu. Ba tawa ba ce. Daga cikin amfilifayar abokina Danladi, akwatin da ke ƙara wa jita murya, na kwance ta. Tare muka yi sakandare, shi ya koya min jita, kuma da wannan amfilifaya yake kaɗawa a cocinsu da ke Yara kowace Lahadi. Ya ara min ita da zai tafi ƙauyensu, ya ce ranar Asabar ƙarfe biyar na yamma zai zo ya wuce da ita gwajin waƙa.

Bilkisu ce sanadi, ko da yake ba ta sani ba. Gidansu na bayan namu, katanga biyu tsakaninmu. Maganarmu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba, amma na tsara mata waƙa mai baiti shida. Ranar Laraba da la'asar na ga hayaƙin girkinsu ya tashi, zuciyata ta ce min tana tsakar gida, sai na ƙure muryar amfilifayar. A baiti na biyu sautin ya koma kamar ƙuda cikin gwangwani, ƙauri ya tashi, sai shiru. Kwana biyu na zaga masu gyaran rediyo na Keffi, ba wanda ke da irin sifikar. Niyyata in samo sabuwa a Abuja, in ɗaura, Danladi ya ɗauki kayansa bai san komai ba.

Hanyar Masaka

Ɗan acaɓa ya sauke ni a tasha. Motar ba ta cika ba sai shida da minti ashirin da biyar, ni kuwa duk wanda ya gifta sai na ji kamar in jawo shi ciki. An yi ruwa da dare, hanya tana sheƙi. Na ɗora sifikar a cinya ina kallon gonaki, ina hasko Bilkisu ta tsaya da ludayi a hannu lokacin da waƙar ta katse, tana jiran sauran.

Bayan Uke muka tarar da shinge. Wani ɗan sanda ya leƙo, ya nuna cinyata.

"Me ka ƙunshe a nan?"

Direba ya riga ni: "Yallaɓai, gawa ce, amma ba ta mutum ba."

Na kwance zanin. Ya miƙo hannu zai taɓa, makullansa suka manne a jikin maganaɗisun sifikar. Ya ja, ya yi dariya, ya ce mu wuce. Minti shida muka ɓata a wurin, na duba agogo.

Mararaba, takwas da kwata

Daga Keffi zuwa nan bai fi kilomita arba'in da 'yan kai ba, amma cunkoso ya riƙe mu tun daga Masaka. Na sauka, na sayi ƙosai da kunu na sha a tsaye, na shiga layin masu kayan sauti. Wani mai shago ya dubi tawa, ya sauko da wata mai kwali ja, an rubuta wat dubu ɗaya da ɗari biyu da ruwan zinari.

"Maigida, wannan in ka kaɗa a Keffi, a Akwanga za su yi rawa."

 Wat dubu ai katanga goma ma zai tsallake. Har na sa hannu a aljihu, sai na haɗa bakinta da bakin tawa, na ga ramukan kusoshi ba su hau ba. Na tambaye shi ta mece ce, ya ce ta but ɗin mota ce, amma ai sauti sauti ne. Na fita ina waiwayenta. Shaguna bakwai na shiga, sha ɗaya ta yi ban samu ba.

Wuse, sha biyu da rabi

Bas ta bi da mu ta Nyanya da gangaren Kugbo, na canza mota sau ɗaya. A kasuwa aka nuna min shagon wata mata mai sayar da ganguna da jitoci, kowa na ce mata Madam. Ta juya sifikata, ta gwada faɗinta da tef, ta ce inci goma sha biyu ce. Ta murza takardar da ke bayan maganaɗisun, rubutun ya goge. Sai ta tambaye ni da Turancin kasuwa, na ji kamar ta ce "hom", wato gida.

Na ce, "Keffi, Madam. Angwan Iya."

Ta yi dariya har ta dafa kanta. Ashe a Lafiya aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu.

"Ɗana, ba garinku na tambaya ba. Om. Om nawa ce, huɗu, takwas ko sha shida?"

Ta ce kowace amfilifaya da nauyin da aka gina ta ta ja, shi ake aunawa da om. In ta takwas ce na sa mata ta huɗu, irin waccan mai kwali ja da na kusa saya, za ta yi ta ja fiye da ƙarfinta har cikinta ya ƙone. In na sa ta sha shida, muryar za ta ragu. Ta ɗora mita a kan tawa, allura ba ta motsa ba, wayar ciki ta tsinke, ba za a iya aunawa ba.

"To ba ni mai wat mafi yawa kawai," na ce.

"Wat ɗin sifika ba ƙarfin muryarta ba ne. Yawan dukan da za ta iya sha ne ba ta mutu ba. Sai mun san wat nawa amfilifayar ke bugawa. Kira gida a duba bayanta."

Amfilifayar tana ƙarƙashin gadona, ɗakin a kulle, makulli na aljihuna. Na gaya mata haka.

"To kira mai ita."

Na fita na zaga layin sau biyu. Na sayi ruwa ban sha ba. Na dawo na roƙe ta ta yi canke, ta ce ba ta sayar da kaya da canke. Ɗaya da minti goma na kira Danladi.

"Mutumina, ina hanya, ya jita?"

"Lafiya. Danladi, amfilifayarka om nawa ce?"

Ina jin ƙarar motar da yake ciki.

"Takwas. Wat arba'in. Sani, me ka yi mata?"

Na gaya masa duka, har da baiti shidan. Ya ce sifikar da ke ciki mai wat talatin ce, shi ya sa ranar da ya kawo ya ce kada in ƙara murya ta wuce rabi. Na tuna ya faɗa, a lokacin hankalina yana bayan katanga. Sai ya kashe waya.

Madam ta fito da biyu masu om takwas, mai wat ashirin da biyar da mai sittin. Ta ce kullum sifika ta fi amfilifaya wat, kada ta gaza ta. Na ɗauki mai sittin. Kuɗin da nake tarawa na sabuwar waya ya tafi, ya rage na mota.

Komowa

Biyu saura kwata na bar Wuse. Na yi azahar a Mararaba ina jiran mota ta cika. Hadari ya haɗu a Masaka, na cusa kwalin cikin rigata. Duk hanya ina shirya abin da zan ce masa, in rushe, in sake. Biyar da minti goma acaɓa ya sauke ni, na tarar da shi zaune a dakalinmu, Inna ta ba shi zoɓo.

Bai gaishe ni ba. Ya karɓi kwalin, ya karanta bayansa, muka shiga ɗaki. Ya liƙa wayoyi biyu da dalma, ya ɗaure kusoshi, ya jona jita. Ya taɓa tsirkiya ɗaya, ta amsa. Ya kaɗa rabin wata waƙarsu, kansa a karkace.

"Tana da tauri," ya ce. "Sabuwar sifika haka take, sai an yi ta kaɗa ta a hankali kafin takardar bakinta ta saki. Gobe za ta yi mana haka nan."

Ya naɗe wayar amfilifayar, ya ɗora ta a kafaɗa. A bakin zaure ya tsaya.

"Da tun Laraba ka kira ni, da tare muka tafi. Litinin zan dawo maka da ita, kullum awa ɗaya, kai za ka lausasa min ita. Murya a lamba uku."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Madam da ta ƙi karɓar kuɗina a kan canke, da Danladi da ya ce min Litinin.