Ranar Da Talatu Ta Ƙone Dangarta

Baba Ashafa maƙwabcina ne a Ringim, kuma wallahi bai taɓa barina na yi baccin rana ba. Da ƙuruciyarsa shi ke zuba wa jirgin ƙasa gawayi. Da aka kawo jirage masu shan gas aka sallame shi, ya dawo gida da shebur ɗaya da haushin duniya.

A majalisa wasa ɗaya gare shi. Sai ya ce, "To, a ce duniya ta watse, babu fetur, babu gas. Kai ne sarkin waɗanda suka rage. Da me za ka tada inji?" In ka ce itace, ya ce an sare. In ka ce gawayi, ya ce ai daga itacen yake. Ba a taɓa cinye shi ba, don shi ne alƙalin.

Shekara bakwai yana haɗa injin niƙa mai aiki da tururi a bayan gidansa, da tsohuwar tukunyar ƙarfe da bututun da ya tsinto. Matarsa Talatu kuwa kullum sai ta tsine wa abin.

Sai ga wahalar mai ta casa'in da takwas. Injinan niƙa na gari suka yi tsit, ga 'yarsu Bilki ta haihu, suna jibi, buhun dawa na jingine. Baba Ashafa ya miƙe a majalisa ya rantse: in injinsa bai niƙe buhun nan ba, gobe 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su zo su kwashe injin. Muka ce mun shaida, har da tafi.

Da hantsi ya hura wuta. Ya fara da ɓawon gyaɗa, fuu, ya cinye. Ya zuba kashin shanu, hayaƙi ya kori kajina, ruwan ko motsi. Ya jefa tsohuwar taya, liman ya aiko a tambaya ko lafiya. Karan dawa ne kaɗai ya yi abin kirki. Tukunya ta soma huci, bel ya motsa kaɗan, sai kara ya ƙare. Ƙaf!

Tsohon nan ya tsaya da shebur a hannu yana kallon wutar tana mutuwa. Ni da na zo dariya, sai na ji tausayi ya kama ni, haushin kaina ma na ji.

Can muka ji ƙarar karyewa. Talatu ce, ta ci ɗamara, tana finciko dangar karan da ta kewaye gidanta, wadda ta hana ko akuya ta jingina. Ta watso masa dami a gaba.

"Malam, zuba! Shekara bakwai ina shaƙar hayaƙin tsiyar nan, sannan a ba 'yan gwangwan? Zuba, na ce!"

Ya zuba. Ta ƙaro, ya zuba. Injin ya yi tari, ya girgiza, ya ɗauka. Gari ya fara zubowa a kwano. Baba Ashafa ya ja igiyar usur, irin kukan jirgin da ya yi shekara ashirin bai ja ba, sai ga hawaye sharkaf a gemunsa.

Da buhun ya ƙare, ko kara ɗaya bai rage a dangar ba. Daga titi kana hango tukwanen Talatu, da shanyarta, har da bakin masai. Ta gyara mayafi, ta dube shi.

"To sarkin waɗanda suka rage, share hawayen ka nemo mana zana. Unguwa na kallonmu."