Kwas Ɗin da Ya Faɗo Cikin Takabata

Takaba ce ta tare wa ’yata hanya, ko ni ce? Har yau na kasa ba kaina amsa.

Ta samu gurbin kwas na koyar da Turanci. Ta ce makarantun ƙasashen waje sau ɗaya suke ɗaukar malamai a shekara, wanda bai gama kwas a kan lokaci ba sai ya jira baɗi. Saura kwana shida ta fara, Allah ya yi wa mahaifinta rasuwa. Na shiga takaba a ɗakinmu na Agege a Legas, ga rumfar tumatir ɗina a kasuwar Mile 12 ba mai zama. Na ce ta riƙe mini, baɗi ma shekara ce. Ba ta yi musu ba.

Da shekara ta zagayo, ƙafafuna sun kumbura, ko motar haya ta danfo ba na iya hawa. Yau shekara uku tana rumfar. Ita ce ke rubuta mini wannan, ina faɗa ina kuka, domin sai yanzu za ta ji maganar ƙarshe da mahaifinta ya yi mini a asibiti: “Hajiya, ko na tafi, kada ki tsare yarinyar nan.”