Ya Ce Ba A Gudun Bulalar Allah

Abin da ya faɗo wa unguwarmu ran nan, hukuncin Allah ne ko aikin mutane kawai? Idan hukunci ne, me ya sa ya ɗauki mai tsoron Allah ya bar ni da na gudu? Na tsufa da wannan tambaya, har yau ban sami inda zan ajiye ta ba.

Ni ban yi karatu ba. 'Yata Ladi ce take rubutawa, ina faɗa ina kuka.

Mijina, Baban Ladi, kafinta ne, kuma dattijo a ikilisiyarmu. Muna haya a unguwar Ɗan Iya, a Bauchi. Ni ina awon gero da dawa a Kasuwar Muda Lawal. Kullum da safe, kafin ya sha kunu, sai ya karanta mini Maganar Allah da Hausa, yana bin layi da yatsa.

A watannin nan ya manne wa wani annabi na Isra'ila, mai yawan kuka. Annabin ya gaya wa mutanensa cewa sojojin wata ƙasa mai nisa za su zo su rushe birninsu, kuma Allah ne da kansa ya ɗaga su kamar bulala, saboda zaluncin mutanen birnin. Da aka rushe, sai ya ce wa waɗanda suka rage su zauna inda suke, kada su tsere Masar. Wanda ya tsere, takobi zai bi shi har can.

Garinmu kuwa ya daɗe yana tafasa. Jita-jita ta cika kasuwa. Baban Ladi ya ce ai da mu ake. Dattawan ikilisiya suna faɗa a kan kujera, masu awo sun lotsa mudu, ba mai duba marayu.

Da safen ranar ma maganar annabin ya karanta.

"Ni dai muduna a cike yake," na ce. "Wai ma annabin nan naka, ya taɓa taka Bauchi?"

Ya yi dariya har kunu ya sarƙe shi. "Maman Ladi, ke da an sa ki makaranta da mun shiga uku."

Na ɗauki faifaina na tafi kasuwa. Ladi a lokacin tana gidan mijinta a Jos.

Hantsi ya yi, ciniki na tafiya. Gab da azahar na ji wani sauti daga nesa, kamar ruwan sama a kan kwano. Sama kuwa tas. Sai ƙofofin shaguna suka fara bugawa ɗaya bayan ɗaya.

"Ku rufe! Ku rufe!"

Na bar buhunana a buɗe. Ba motar da ta tsaya mini. Na yi ta gudu ina tafiya, ina tafiya ina gudu. Warin taya mai ƙuna ya riga ni isa unguwa.

A layinmu, 'yan ikilisiyarmu suna cusa yara a bayan wata tifa za a kai su bariki. Suka ce sun kira Baban Ladi, ya ƙi fitowa.

Na same shi a tsakar gida. Ya yi wanka, ya sa kaftaninsa na ranar Lahadi, ya zauna a kan bencin da ya haɗa da hannunsa.

Na ce ya tashi. Ya ce ba a gudun bulalar Allah. Na ce waɗancan sojojin wata ƙasa ne da dawakai, waɗannan kuwa yaran gari ne da muka san iyayensu. Ya ce bulala ba ta zaɓen hannun da zai riƙe ta. Na durƙusa. Na riƙe ƙafarsa. Na ja hannunsa har maɓallin wuyan rigar ya tsinke. Bai motsa ba.

An kira azahar a gaggauce. Bayan sallah sai maƙwabcinmu Alhaji Sule ya shigo ta inda katangarmu ta zube, matarsa Hajiya Mairo na biye da mayafi a hannu. Alhaji ya ce akwai ɗakin ajiyarsa, ba wanda zai leƙa. Baban Ladi ya yi masa godiya, ya ce ɗakin ajiya ma Masar ne.

Gilashi ya fashe a layin baya. Wata mata ta kurma ihu, ihun ya yanke.

"Sun shigo! Fito!" in ji Hajiya.

Hajiya ta lulluɓa mini mayafi ta ja ni.

Ta sa ni a tsakiyar 'ya'yanta mata. Muka fita titi. Samari ko'ina, da gora, da adda, da jarkar fetur. Na ga fuskar wani da yake ɗaukar mini buhu a kasuwa. Ya kalle ni. Ya kau da kai.

"Ku ba mu hanya!" Hajiya ta daka musu tsawa.

"Mata su wuce!" in ji wani daga cikinsu.

Na cije leɓe don kada sunan Yesu ya kuɓuce mini. Jini ya cika mini baki.

Da la'asar aka fara harbi daga tsakiyar gari. Hajiya ta raka ni har inda gidaje suka ƙare, ta nuna mini hanyar Gubi, ta juya. Ƙanena yana noma a can kusa da dam.

Na bar titi na bi gonaki. Kututturen kara ya tsaga mini silifa, na yar da shi. Wasu suka riske ni: wata mai goyo, wani tsoho ba riga. Ba wanda ya tambayi sunan wani. Ina tafe ina waige. Hayaƙi ya tsaya a kan garin, baƙi ƙirin. Duk motsin da ciyawa ta yi, sai in ce takobin nan ne ya biyo ni.

Rana na faɗuwa na hango ruwa. Ƙanena bai gane ni ba sai da na yaye mayafin.

Ban zauna ba a kwanakin da na yi a can. Duk wanda ya fito daga gari sai na tare shi. Kun ga wani dattijo da farin kaftani? Ba wanda ya gani.

Da sojoji suka tsare hanyoyi na koma. Ɗakinmu ba rufi. Zarton Baban Ladi da gudumarsa suna cikin toka, ƙotocin sun ƙone. Alhaji Sule ya ce ya sake komawa ya roƙe shi, har ya kama shi zai ɗaga, ya ƙi. A kan bencin samarin suka same shi. Bayan sun tafi, Alhaji ya rufe shi da babbar rigarsa har motar asibiti ta zo. An binne shi a rami ɗaya tare da mutane da yawa. Ban san ta wane gefe yake ba.

Wani fasto ya ce mini hukunci ne, in yi shiru. Wani ya ce mijina shahidi ne, in yi murna. Wani matashi da ya yi karatu mai zurfi ya ce maganar annabin nan ta mutanen wancan birni ce da wancan zamani, ba ta Bauchi ba. Na ce da ka zo da wuri, ɗana.

Akwai abu guda da ban gaya wa ko ɗayansu ba. Lokacin da Hajiya take jana, mun kai inda katangar ta zube, sai na ji Baban Ladi ya taso. Na zaci ya sauya shawara. Ya zo ya gyara mini mayafin, ya rufe mini goshi da kyau.

"Je ki, Maman Ladi," ya ce. "In ni ne na karanta ba daidai ba, kada kuskurena ya cinye mu mu biyu."