Kwana huɗun da muka ƙaurace wa injin niƙa

Ko zan manta komai, ban da shekarar da injin niƙa ya zo Ruwan Godiya, garin da nake aure. Zamanin kuɗin man fetur ne, duk wanda ya dawo daga birni sai ka gan shi da rediyo a kafaɗa. Mai injin baƙo ne, wai daga Ikko yake. Mu mata murna har kunne, mun huta da daka, sai dai mu ɗora wa 'yan matanmu ƙwarya su kai niƙa.

Ran nan na hango shi ta tsagar zana, sai na gane shi. Mutumin Yankara ne, garin da aka haife ni. Ikkon tasa gidan yari ce, shekara uku ya yi saboda ya lalata wata yarinya mai talla. Ga 'yata mai shekara tara kullum tana wurinsa.

Na gaya wa maigidana, ya kai maganar gaban mai gari. Amsar da ya dawo da ita, wai mutum ya riga ya sha hukuncinsa, a rufa masa asiri, ba a shelar irin wannan magana. Na ce to. Ni ba a san ni da gardama ba, sai kawai na aika aka kira mini mai kitso. Wanda ya gaya wa mai kitso magana kuwa ya gaya wa gari.

Washegari ko ƙwarya ɗaya ba ta je bakin injin ba. Turame suka fito, muka yi ta daka a tsanake, ana yi ana hira. Tuwo ya riƙa sauka a makare, shi ma duk tsaki. Mijin da ya yi ƙorafi, amsa ɗaya yake samu: ya je ya tambayi mai gari. Har gidan mai garin haka aka yi masa.

Kwana na huɗu maza suka cika zaurensa. Maigidana ya ce wani dattijo ne ya yanke magana: "Ranka shi daɗe, in shela ce a yi ta. Wanga tuwo ya kusa kashe mu."

Sankira ya zaga gari ya faɗi abin da mutumin ya aikata. Kada a taɓa shi, amma kada a ƙara tura masa yarinya, manya su kai niƙa. Haka na ga maigidana da ƙwarya a bayan keke yana sunkuyar da kai, na yi dariya har da hawaye.

Amma har yau ina jin haushin cewa tuwo ne ya tashe su, ba 'ya'yansu ba. Na dai koyi cewa asirin da rufe shi zai cuci yaro bai cancanci a rufe shi ba, kuma manya in sun ƙi ji da kunne, sa ji da ciki.